Na Doki Jikan Alaramma a Kan Ƙula'uzu, Yanzu Ya Daina Buɗe Baki a Aji

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata malamar firamare a Gadarif da ke ƙasar Sudan, ga kuma taƙaicenta:

"Baba Malam, assalamu alaikum. Lissafi na karanta, amma da aka sake buɗe makarantu bayan dogon rufewar da yaƙi ya jawo, malamai sun yi ƙaranci, sai aka ba ni darasin Tarbiyya Islamiyya a aji uku. Yaran sun haura 70, yawancinsu 'ya'yan unguwarmu ne masu jin Hausa, sauran kuma 'yan gudun hijira ne daga Madani da Sinja da Kartum. Makonni uku da suka wuce wani yaro ɗan shekara tara ya tashi biya hadda, ya ce 'ƙula'uzu' a haɗe maimakon 'ƙul a'uzu', a Ƙulhuwallahu kuma ya ce 'kufu'an' inda littafinmu ya ce 'kufuwan'. Na gyara masa sau uku, ya ce haka kakansa ya koya masa. Na ɗauka taurin kai ne, na zuba masa tsumagiya a tafin hannu. Washegari kakan, wanda alaramma ne tsoho, ya zo ya ce Warshu jikansa yake karantawa. Tun ranar yaron bai sake buɗe baki a aji ba. Shugaban makaranta ya ce yawan Hausar da nake yi da yara ne ya sa suka saba da ni har suke mini musu, ya hana ni yin ta. Idan na ba da haƙuri ina tsoron raini. Ko in nemi a canja mini darasi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Zan fara da abin da ya fi nauyi, domin da gaske kika tambaye ni, kuma ba zan yi miki adalci ba idan na lulluɓe shi. Yaron nan bai yi kuskure ba, kuma dukan da ya sha bai cancance shi ba. Abin da ya biya miki Alƙur'ani ne ingantacce a ruwayar Warshu daga Imam Nafi'u, makarancin Madina wanda ya rasu a shekara ta 169 bayan hijira. Ƙa'idar Warshu ce idan harafi mai ɗauri ya zo a ƙarshen kalma, kalmar da ke biye da shi kuma ta fara da hamza, sai a ɗauke wasalin hamzar a ɗora wa harafin, hamzar ta faɗi, abin da malaman ƙira'a suke kira naƙali. Ta haka "ƙul a'uzu" ta koma "ƙula'uzu". Ki tuna bakin mahaifiyarki idan tana cewa a tofa wa yaro ƙula'uzai kafin ya kwanta, za ki ga cewa wannan naƙalin da kika hukunta a aji ya daɗe da shiga cikin Hausar da kika tashi da ita. Shi kuwa "kufu'an" da hamza, haka mafi yawan malaman ƙira'a suka karanta shi, Hafsu, wanda littafinku yake bin ruwayarsa, shi ne ya zo da wawu.

Ban faɗi wannan don in ƙara miki nauyi a zuciya ba. An ɗora miki darasin da ba shi kika karanta ba, a lokacin da makarantu suke neman duk wanda zai iya tsayawa gaban allo, kuma kin karɓa saboda yaran unguwarku. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya rubuto yana tambaya ya riga ya kunna fitila. Abin da ya kamata ki sani shi ne ruwayoyi uku ne suke zaune tare a ƙasar nan, kuma da wuya a ce ba dukansu ne suke cikin ajinki ba. Akwai ta Duri daga Abu Amru na Basra, wadda halwoyin tsakiyar Sudan, wato makarantun allonsu, suka riƙe tun da daɗewa. Akwai Warshu, wadda aka sani a Darfur, kuma ita kakanninmu suka ɗauko daga yamma a cikin gafaka, waɗanda suka biyo hanyar hajji da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Sai Hafsu daga Asimu na Kufa, wadda ta bazu da ƙarfi bayan bugun Alƙahira na 1924, rediyo da kaset da makarantun gwamnati suka ƙara mata yaɗuwa. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina tana buga mus'hafi a dukan ukun, saboda babu wadda ta fi wata zama Alƙur'ani.

Kuskuren da kika yi, wanda ya fi ki ya taɓa yin irinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji Hishamu ɗan Hakimu yana karanta Suratul Furƙan ba yadda shi aka koya masa ba, ya daure har ya idar da salla, sannan ya shaƙe shi da mayafinsa ya ja shi zuwa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Annabi ya sa kowannensu ya karanta, ya ce wa kowanne haka aka saukar. Kishin Littafin ne ya motsa Umar, na kuma yarda shi ne ya motsa ki. Abin da ya rage shi ne ki yi abin da ya yi bayan ya ji hukunci, wato ki sallama.

Ki je gidan alaramma a cikin makon nan, kada ki bari a shiga na gaba. Ki tafi da mahaifinki ko maigidanki ko wata dattijuwa da gidan suke ganin girmanta, ki riƙe ɗan sukari da ganyen shayi da goro, ki durƙusa ki gaishe shi yadda za ki gaishe da kakanki. Kada ki kawo hujjar yawan yara ko ta littafin makaranta. Ki ce masa ba ki san ƙa'idar ba, kin doki jikansa a kan daidai, kin zo neman gafara. Dattijon da ya taso da ƙafarsa zuwa makaranta ba dukan ne kaɗai ya taso da shi ba, domin irinsu sun sha dukan da ya fi wannan a tsangaya. Abin da ya ƙona masa rai shi ne a gaya wa jikansa, a gaban yara, cewa karatun da ya ƙarar da rayuwarsa a kai kuskure ne.

Idan ya huce, ki roƙe shi ya buɗe miki gafakarsa. Na daɗe ina so kowane malamin addini a makarantunmu ya ga irin wannan mus'hafi da idonsa ko da sau ɗaya. Za ki ga warƙoƙi a sake ba a ɗinke su ba, gefensu ya yi duhu saboda yatsu, baƙaƙen da baƙar tawada, wasula da ja, hamza kuma ɗigo ne rawaya. Ki duba harafin fa, za ki ga ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a samansa. Sannan ki tuna littafin ajinki, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ke da biyu. Ma'ana, harafin da yaron nan ya sani a matsayin ƙaf tun yana ɗan shekara biyar a gaban kakansa, shi ne kike nuna masa a allon makaranta kina cewa fa. Duk da haka yana karanta rubutun biyu, yana tashi da asuba ya biya allonsa a gida, ya zo da hantsi ya zauna a gabanki. Yaron da yake ɗauke da wannan ba dakiki ba ne, kuma cewar da ya yi "haka kakana ya koya mini" amana ce ya riƙe, irin amanar da aka kiyaye Alƙur'ani da ita daga baki zuwa baki har ya iso gare mu.

A gaban aji kika doke shi, saboda haka a gaban aji za ki wanke shi. Amma ki fara ganinsa shi kaɗai, lokacin da yara suka fita cin fatur, wato karin kumallo, ki gaya masa kin je wurin kakansa, kin gano shi ne mai gaskiya, ki tambaye shi ko ya yarda ki faɗa wa 'yan ajin. Sannan ki tsaya ki ce da su a taƙaice: na ce wane ya yi kuskure, na bincika na ga ni ce ban sani ba, na ba shi haƙuri. Kina tsoron raini, kuma na fahimci tsoron malama matashiya a gaban yara masu yawa haka. Sai dai ki sani labarin ya riga ya zaga unguwa, kuma a gidajen yaran nan akwai iyaye da yawa da suka san Warshu. Yaran sun san wanda yake da gaskiya. Abin da suke jira su gani shi ne ko malamar da take koya musu tuba da gaskiya da riƙon amana tana iya aikata su idan abin ya zo kanta, kuma babu darasi a littafin aji uku da zai zauna musu kamar wannan.

Bayan haka ki mayar da abin ya zama karatu. Ki tambayi yaran da suka zo daga Jazira, jihar da Madani take, ko akwai wanda ya yi halwa, ki sa shi ya karanta Suratun Nasi. Idan Duri aka koya masa, za ku ji yana karkatar da alifin "an-nas" zuwa wajen wasalin ƙasa a duk wurare biyar da kalmar ta zo a surar. Sai wani ya karanta da Hafsu, sai jikan alaramma da Warshu idan ya shirya, idan bai shirya ba kada ki tilasta masa. Ki gaya musu sunayen malaman da garuruwansu, Madina da Basra da Kufa. A wayarki za ki sami karatun Shaihu Mahmud Halil Alhusari, wanda ya naɗi Alƙur'ani da Hafsu da Warshu da Duri, da kuma na marigayi Shaihu Nurain Muhammad Siddiƙ, wanda ya rasu a 2020, muryar da kusan kowane yaro a Sudan ya taɓa ji.

Wannan ba ya nufin kowa ya karanta yadda ya ga dama a darasi. Tun da littafinku da jarrabawarku a kan Hafsu suke, karatun aji na Hafsu ne, kuma ki bayyana wa alaramma haka, zai gane, domin shi ma ba zai so jikansa ya cakuɗa ruwaya biyu a sura ɗaya ba. Kalmarki kawai za ki canja. Inda da za ki ce "kuskure", ki ce "wannan na gida ne, a nan ga yadda Hafsu ya karanta". Ki kuma rarrabe tsakanin ruwaya da nauyin harshe. Mu Hausawa muna mayar da harafin ladi kamar lam, muna haɗa sa mai ɗigo uku da sin, kamar yadda 'yan'uwanmu masu Larabcin nan suke jan ƙaf zuwa gain. Waɗannan gyaran mafitar harafi suke bukata, a hankali, da maimaitawa. Duk abin da kika ji kika yi shakka, ki rubuta shi a gefen littafinki ki tambaya kafin ki yanke hukunci.

Ita kuwa tsumagiya, shawarata ki ajiye ta gaba ɗaya a darasin addini. Na san da ita aka yi mana, na kuma san hadisin da ake kawowa game da salla a shekara goma, amma ko malaman mazhabarmu da suka halatta ladabtarwa sun ɗaure ta da sharuɗɗa masu tsauri. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara tun ƙarni na uku na hijira, ya hana wuce bulala uku ba da izinin uba ba, ya hana dukan kai da fuska, ya hana malami duka don huce fushinsa. Ibn Haldun ya yi babi guda a kan cewa tsanantawa tana cutar da almajiri, tana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Sama da su duka, Nana A'isha ta ce Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa ce masa tir ba. Ki ƙara da halin da yaranki suke ciki. Tun daga Afrilun 2023 wasunsu sun kwana a hanya, sun ji ƙarar da ba ta dace da kunnen yaro ba, wasu sun rasa iyaye. Yaro irin wannan idan aka haɗa masa Alƙur'ani da zafin bulala, tsoron da ya gudo da shi ne zai riƙa tasowa duk sanda aka buɗe mus'hafi. Saboda wannan dalilin ne ma nake ganin a wannan shekarun ki yawaita musu labarin rahamar Allah da kiyayewarsa, ki jinkirta tsawaita bayanin azabar kabari.

Aji mai yawa haka ba ya riƙuwa da murya ɗaya, kuma tsangaya da halwa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa manyan almajirai suke biya wa ƙanana. Rufewar makarantu ta sa akwai 'yan shekara goma sha ɗaya da sha biyu a aji uku. Ki raba yaran rukuni-rukuni na bakwai ko takwas, ki ɗora wanda ya fi hadda a kan kowane rukuni, ki hana su riƙe sanda, ke kuma ki riƙa zagayawa kina saurare.

Saura maganar Hausa, wadda ta taɓa ni fiye da yadda kike zato. Ina aji biyu wani malami ya tambaye mu ma'anar wata aya, na sani amma ba ni da Larabcin faɗa, sai na faɗa da Hausa. Ya ce ba a ruɗana a ajinsa, wato magana da harshen da ba Larabci ba, ya tsayar da ni a rana har aka tashi. Na yi shekaru bayan nan ina haddace abin da ban gane ba, ina jin kunyar harshen da mahaifiyata take yi mini addu'a da shi, kuma sai da na girma na zauna gaban malaman zaure, suna karanta Ahalari da Ishmawi da Larabci suna fassarawa kalma-kalma da Hausa, sannan addinin ya sauka daga bakina zuwa zuciyata. Allah ya ce a Suratu Ibrahim, aya ta 4, bai aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa domin ya bayyana musu. A Buhari, Annabi ya sanya wa ƙaramar yarinya Ummu Halid riga, ita kuwa a Habasha aka haife ta, sai ya ce mata "sanah, sanah", wato kyakkyawa da harshen Habasha. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi da Fulatanci da Hausa, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tsara waƙoƙin karantarwa da Hausa ta ba jajis, wato matan da ta horar, su kai wa matan ƙauyuka. Babu wanda ya ce Larabcinsu ya ragu da haka.

Duk da haka kada ki yi gaba da shugabanki, kada kuma ki riƙa yin Hausar a ɓoye kina leƙen ƙofa. Yana da hujja ta wani ɓangare. Da Larabci yaran za su rubuta jarrabawar ƙarshen aji shida, kuma a ajinki akwai waɗanda ba sa jin Hausa, ba daidai ba ne su zama baƙi a darasin addininsu. Inda ya kauce shi ne ɗora wa Hausa laifin abin da ya faru, alhali rashin sanin ruwaya ne ya jawo shi. Ki same shi a ofis cikin ladabi ki gabatar masa da tsari: aya da hadisi da rubutun allo duk da Larabci, bayani da Larabci mai sauƙi, sannan minti biyu ko uku na Hausa a wurin da kika ga idanu sun mutu, sai a dawo a sa yaro ya faɗi abin da ya gane da Larabcinsa. Ki roƙe shi ya zo ya zauna a bayan aji sau ɗaya ya yi wa yaran tambayoyi da kansa.

Idan zai zo, ki zaɓi Li'ilafi. Ki karanta musu ayar ƙarshe, ki ce da Hausa a hankali: Ubangijin da ya ciyar da su daga yunwa, ya amintar da su daga tsoro. Ki maimaita da Larabcin gida saboda 'yan Madani, sannan ki yi shiru na ɗan lokaci. Yaran da suka san layin abinci a sansani, da waɗanda gidajensu suka raba tuwo da baƙi wata da watanni, ba sa bukatar dogon sharhi a kan wannan aya. Haka ma alwala, ki fitar da su gindin darbejiya da buta ɗaya, yaro ɗaya yana yi sauran suna kiran sunan kowace gaɓa da Larabci da Hausa. Ki gaya musu Annabi yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu na babban mutum ba, kuma a garin da ake sayen ruwa a kan jaki za su kai wannan labari gida da kansu. Ki ajiye dutse mai tsabta a aji don koyar da taimama.

Game da tambayarki ta ƙarshe, kada ki nemi a canja miki darasi. Idan kika tafi yanzu, abin da yaron zai riƙe game da darasin addini shi ne duka da shiru, kuma ba ki da tabbacin wanda zai gaje ki ya san Hausa ko Warshu. Amma zama a kan darasin yana da sharaɗi, shi ne ki koma ɗaliba. Ki ware sa'a ɗaya a mako ki zauna gaban wata malama ta unguwa, ko gaban alaramman nan tare da matan gidansa idan ya amince, ki biya gajerun surori daga Nasi zuwa Amma, ki karanta Ahalari daga farko. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma dattijon da ya zo da fushi zai iya zama wanda kike aika wa tambaya duk ranar da wani abu ya shige miki duhu.

Yaron kuwa kada ki sa ran zai saki jiki ranar da kika ba shi haƙuri. Zai iya ɗaukar makonni yana kallonki daga ƙasan ido, yana gwada ko maganarki za ta tsaya. Ki ba shi riƙon buta ranar darasin alwala, ki riƙa kiran sunansa idan kina gaishe da aji, ki ɗora shi a kan rukuninsa idan kin ga ya fara ɗaga kai. Ki rubuto mini bayan wata ɗaya ki gaya mini yadda kuka yi da kakansa da shugabanki, da kuma ko ya yarda ya karanta muku Falaƙi da muryarsa.